Kwamfuta ta ga kebul, amma rediyo ta ƙi amsawa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da rediyon sadarwa Yaesu FT-857D, ina so in haɗa ta da laftof mai Windows 10 don in yi FT8, wato aika gajerun saƙonnin dijital ta rediyo, da manhajar WSJT-X. Na sayi kebul na USB mai kan DB9 (kai mai ƙafa tara), na jona shi da wani kebul mai zagayayyen kai da ya zo tare da rediyon, domin ta hannu na saye ta. Kwamfuta ta nuna COM4, amma duk sanda na danna Test CAT, maɓallin gwada ko kwamfuta na iya sarrafa rediyon, sai ya yi ja. Na gwada gudun aika bayani 4800, 9600 da 38400, duk a banza. Ko rediyon ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce rediyon ce. Bayyanar COM4 shaida ce kawai cewa Windows ta gane IC ɗin, wato ƙaramar da'irar lantarki, da ke cikin kebul ɗin USB, ba ta ce komai game da abin da ke gaba da shi ba. Tsakanin WSJT-X da rediyonka akwai gaɓoɓi huɗu: direba, kebul na USB, kebul na biyu, sai saitin rediyon. Gwada su za ka yi ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ko ta yi aiki ba za ka san abin da ya gyara ta ba.

Fara da ɓangaren kwamfuta, rediyo a gefe. Buɗe Device Manager ka duba COM4. Idan akwai alamar ruwan ɗorawa da Code 10, galibi IC ɗin jabun PL2303 ne, irin wanda sababbin direbobi ba sa karɓa. Shawarata kada ka ɓata kwanaki kana farautar tsohon direba, nemi kebul mai FTDI ko CP2102. Idan babu alamar, rufe WSJT-X da duk wata manhajar rediyo, domin tashar COM manhaja ɗaya kaɗai ke iya riƙe ta a lokaci guda. Sai ka haɗe ƙafa ta 2 da ta 3 na kan DB9 da guntun waya, ka buɗe manhajar PuTTY, ka zaɓi Serial, COM4, 9600, ka mayar da Flow control zuwa None. Rubuta wasu haruffa. In sun bayyana a allo, sannan suka daina bayyana da ka cire wayar, to direba da kebul na USB lafiyarsu lau. Minti biyar wannan gwaji ke ɗauka, kuma yana raba gardama.

Kebul na biyu shi na fi zargi. Kan DB9 da tsarin siginar RS-232 yake aiki: idan layin aikawa yana hutawa, wutarsa ƙasa da sifili take, wajen bolt 5 zuwa 12 a ɓangaren negatib. Soket ɗin CAT na FT-857D kuwa da wani tsarin daban, TTL, yake aiki, yana hutawa a kusan bolt 5 a ɓangaren fositib, ya sauka zuwa sifili idan ana aika bayani. Ka ga ba ƙarfin wuta kaɗai ya bambanta ba, siginar ma a juye take, abin da wannan ya ɗauka 1 ne wancan 0 yake gani. Shi ya sa duk gudun da ka gwada bai yi ba. Kebul ɗin Yaesu na asali, CT-62, yana da ƙaramin da'irar da ke juya siginar ta daidaita ƙarfinta. Da yawa daga cikin kebulan da ke zuwa da rediyon da aka saya ta hannu kuwa waya ce zalla, wani ya liƙa da dalma.

Ga yadda za ka gane naka. Zare kebul ɗin daga ɓangarorin biyu, sa mita, wato na'urar awon wuta, a wurin ƙara, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙafa ta 2 ko ta 3 ta DB9, ka bi ƙafafun zagayayyen kan da ɗayan. In mita ta yi ƙara, waya ce kai tsaye, babu da'ira a tsakani. Kada ka sake jona shi, domin wutar negatib ta RS-232 tana iya illata ƙafar karɓa ta rediyon. Ƙafa ta 5 kaɗai ya kamata ta yi ƙara, ita ce GND, wato layin ƙasa. Ka ƙirga ƙafafun zagayayyen kan ma: na CAT takwas ne, mai shida na soket ɗin DATA ne, wanda ke ɗauke da sauti da PTT (siginar da ke sa rediyo ta fara watsawa), ba umarnin CAT ba. Kuma ka guji cusa tsinken mita cikin soket ɗin CAT rediyo na kunne. Akwai ƙafar da ke ɗauke da bolt 13.8 a ciki, tsinke ya ɗan zame sai a yi ɓarna.

Idan akwai da'ira a ciki amma ba CT-62 na asali ba ne, wataƙila daga layukan DTR da RTS na kwamfuta yake shan wuta. A shafin Radio na WSJT-X akwai Force Control Lines, sa DTR da RTS duka a High ka gwada. Amma kafin nan ka tabbata babu na'urar PTT da ke rataye a waɗannan layukan, in ba haka ba rediyo za ta shiga watsawa nan take. Mafita mafi sauƙi dai ita ce kebul guda daga USB kai tsaye zuwa kai mai ƙafa takwas, wanda aka yi domin FT-817, FT-857 da FT-897. Shi TTL yake fitarwa tun farko, DB9 ya fita daga lissafi.

Sai rediyon. Kunna menu 001, EXT MENU, don sauran su bayyana. Menu 020, CAT/LIN/TUN, dole ya kasance a CAT. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, saboda soket ɗaya ne ke yi wa kwamfuta da amfilifaya da tuna hidima. In mai rediyon na baya ya bar shi a TUNER ko LINEAR, duk kebul ɗin da ka kawo shiru za ka ji. Menu 019, CAT RATE, shi ne gudu. Sa shi 4800 tukuna. A WSJT-X zaɓi FT-857, 4800, Data Bits takwas, Stop Bits biyu, Handshake None, PTT kuma CAT. Handshake ɗin nan, wato neman izini kafin aika bayani, ka kula da shi: wasu rediyon Kenwood, irin su TS-480, suna amfani da RTS da CTS, sai mutum ya kwafo saitinsu ya sa wa Yaesu, kwamfuta ta zauna jiran izinin da ba zai zo ba.

In har yanzu ja ne, yi wa rediyon tambaya da kanka. Buɗe manhajar RealTerm da wannan saitin, ka aika lambobin heks biyar: 00 00 00 00 03. Umarnin karanta mitar da rediyo ke kai ne (frequency). Rediyon da ke kan 14.074 MHz za ta mayar da 01 40 74 00, sai lamba ta biyar mai nuna yanayin aiki, 01 ga USB, 0A ga DIG. Amsa daidai na nufin laifin yana saitin WSJT-X. Amsa a hargitse, gudu ne bai dace ba. Shiru kuma ya mayar da kai kan kebul ko menu 020.

Akwai wata matsala da kan biyo baya. Test CAT ya yi kore, amma da ka fara watsawa sai haɗin ya yanke, COM4 ya ɓace. Wannan siginar eriyarka ce ke komowa ta kebul ɗin USB. Rage wuta zuwa wat 5 ka gwada. In bai yanke ba, ka kama ɓarawon. Naɗa kebul ɗin sau biyar ko shida a zoben ferait FT240-31 kusa da laftof, ka sa wani cok, wato irin wannan naɗin, a kan wayar eriya, ka kuma nisanta eriyar da teburin aiki. A Device Manager, ƙarƙashin USB Root Hub, cire alamar da ke bai wa Windows damar kashe na'urar don adana wuta. Kuma ka riƙa jona kebul ɗin a rami ɗaya kullum, domin wasu kebulan lambar COM ɗinsu tana canzawa idan aka sauya rami, yau COM4, gobe COM7.