Amsa kan fara amfani da Ayurveda

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki rungumi Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, don kula da lafiyarki ta yau da kullum. A ganina ki raba shi gida biyu.

Ɓangaren tsarin rayuwa ki kama shi hannu bibbiyu: kwanciya da wuri, cin babban abinci da rana, shafa man riɗi, kurkum da citta a girki. Wannan bai da tsada, kuma cutarwarsa kaɗan ce. A Indiya ma'aikata guda gwamnati ta kafa masa, shi da wasu hanyoyin maganin gargajiya, a 2014, ana kiranta AYUSH, likitocinsa kuma sai sun yi shekaru a jami'a.

Inda nake jin tsoro shi ne ƙwayoyi da garin maganin da ake sayarwa ta intanet. Wani bincike a Amurka a 2008 ya gano dalma, zaiba ko gubar arsenik a kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka gwada. Ashwagandha ma, wata saiwa da ake amfani da ita a Ayurveda, ba ta mai juna biyu ba ce, kuma takan taɓa hantar wasu.

Idan kina shan maganin suga ko hawan jini, don Allah kada ki ajiye shi, ki fara nuna wa likitanki abin da kika sayo.