Ku Tambayi Anti: Hawa Ɗa'ifa Bayan An Gama Umara

Wannan makon wasiƙu huɗu na zaɓo kuma duk akan gari ɗaya suke, Ɗa'ifa. Masu tambayar Madina ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya iyali. Ni da maigidana zamu tafi umara in Allah ya yarda, sati biyu zamu yi, sai ejan ɗinmu yace akwai ziyarar Ɗa'ifa ta wuni ɗaya amma sai mun ƙara kuɗi. Shi maigidan yace ɓata lokaci ne gara mu zauna a Harami, ni kuma raina yana so. Dan Allah me ake gani a can, kuma ya kai a biya?
*Daga wata ƙanwarki a Gusau*

Wa alaikumussalam ƙanwata. Maigidanki yana da gaskiyarsa, sallah ɗaya a Harami ba abin da za'a haɗa ta dashi, amma sati biyu fa kuke dashi, wuni ɗaya ba zai rage muku komai ba, in kun fita bayan asuba zaku iya dawowa ku samu isha'i a Harami. Ni dai nace kuje. Abin da ban yarda dashi ba shine irin ziyarar nan ta bas da ake kwasar mutum 50 a tsaya nan minti goma can minti goma, kafin ki gama saukowa direba ya fara danna hon, a ƙarshe a zube ku a shagon turare inda shi yake da kamasho. Ku samu wasu mutum biyu ko uku ku ɗauki shatar mota, ku gama ciniki tun a Makka, ku faɗa masa wuraren da zaku tsaya da lokacin dawowa, kuma kar ku biya duka sai an dawo.

Tsakanin Makka da Ɗa'ifa kusan kilomita 90 ne ta hanyar Hada, awa ɗaya da rabi in ba cunkoso. Garin yana kan duwatsun Sarawat, tsayinsa daga teku ya haura mita 1,800, kinga ya fi Jos tudu sosai kenan tunda ita wajen 1,200 take. Shi yasa tun zamanin da masu hali na Makka can suke gudu in zafi ya taso, har sarakunan Saudiyya can suke yin bazararsu, Sarki Abdul'aziz ma a Ɗa'ifa ya rasu a 1953.

Hanyar kanta abin kallo ce. Kwana kan kwana, mota tana nannaɗe dutse kamar ana naɗa rawani, kunnenki ya toshe ya buɗe, ki leƙa ta taga ki ga motocin ƙasa sun koma kamar kwalin ashana. In kina da hajijiya a mota ki zauna gaba kuma kar ki cika ciki kafin ku taso. Sannan birai, irin manyan nan bika, suna nan zube a bakin titi kamar masu jiran albashi. Ni da idona naga wata baiwar Allah da muke mota ɗaya ta sauke gilas zata ɗauki hoto, ledar gurasa da ayaba tana kan cinyarta, wallahi kafin tace innalillahi wani ƙato ya zuro hannu ya fizge ya haye kan dutse ya zauna yana ɓare ayabar yana kallonmu. Ki bar gilas a rufe.

In kun shiga gari ku fara da masallacin Abdullahi ɗan Abbas, yana tsakiyar gari kuma kabarinsa yana nan gefe, a Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa a shekara ta 68 bayan hijira. Tsohuwar kasuwa tana kusa, da ƙafa ma zaku je. Daga nan sai unguwar Masna wajen kwarin Wajj, inda ƙaramin masallacin Addas yake, kuma ni a wajena nan ne zuciyar tafiyar gaba ɗaya. Kinsan labarin ai, shekara ta 10 da aiko Manzon Allah (SAW), bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, ya tako zuwa garin nan shi da Zaidu ɗan Harisa yana neman Banu Saƙif su karɓi kira, suka ƙi, suka tura masa yara da wawaye suna jifansa har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a gonar Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, su kuma suka aiko bawansu Addas da inabi. Da ya yi bismillah kafin ya ci sai Addas ya yi mamaki, ashe shi Kirista ne mutumin Ninawa garin Annabi Yunusa. Tun muna islamiyya muke jin wannan, amma sai da na hau dutsen nan a mota mai AC ina ƙorafin ciwon baya sannan na tuna cewa shi Manzon Allah (SAW) da ƙafa ya hau, kuma a hanyar komawa da aka bashi zaɓin a haɗe musu duwatsu yace a'a, yana fatan a samu masu bauta wa Allah daga tsatsonsu. Ki zauna a wurin ko na minti ashirin ne, kar ki bari a hanzarta ki.

Sai dai ki riƙe wannan, gine-ginen da zaki gani duk daga baya aka yi su, yankin ne na tarihi. Direbobi kuma akwai ƙarin gishiri, wani zai nuna miki kango yace nan ne gidan wance, wani dutse yace nan aka jingina, gobe wani direban ya nuna miki wani daban. Ki saurara kawai, banda shafa bango ko ɗibar ƙasa.

In lokaci ya rage ku biya ta fadar Shubra, farin gini mai hawa huɗu da tagogin katako masu ado, an gina ta farkon ƙarni na 20 daga baya aka maida ta gidan tarihi, amma ku sa direba ya tambaya ko a buɗe take kafin ku nufa. Abincin rana ku nemi salig, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara ta yi laushi kamar fate a ɗora gasasshiyar kaza a kai. Maigidan zai daina ƙorafi daga nan.

Anti barka da aiki. In na je Ɗa'ifa daga Makka, dole ne sai na sake ɗaura harami in zan dawo? Abokina yace dole, wani kuma yace ba komai.
*Ɗanki daga Maraɗi*

Ɗana, in da niyyar sabuwar umara zaka dawo to ba makawa sai ka ɗaura a miƙati, domin zaka ratsa ta kansa. In ta hanyar Sail kuka biyo, miƙatin shine Ƙarnul Manazil wanda yanzu ake kira Sailul Kabir, in ta Hada ne kuma akwai masallacin Wadi Muhrim, duka biyun akwai banɗaki da wurin wanka da masu saida harami. Saboda haka ka saka naka a jaka tun daga otal, kuma ka gaya wa direba da wuri don ya san inda zai tsaya, mutane da yawa sai sun gangaro ƙasa suke tunawa. In kuma yawo kawai kaje ba niyyar umara, nan malamai sun yi saɓani, haka ma maimaita umara a shekara ɗaya, a Malikiyya makaruhi ne wasu mazhabobin kuma basu ga laifi ba. Wannan ka zauna da malaminka kafin ka tashi, Anti ba muftiya bace. Abu ɗaya kuma, duk maganar nan ta mai bizar umara ce, bizar aikin hajji bata bada damar yawo garuruwa haka.

Hajiya ina wuni. Ni sana'ata haɗa humra da turaren wuta, naji ance wardin Ɗa'ifa babu irinsa. Yaushe ya kamata inje kuma ya zan gane na gaske?
*Mai turare daga Maiduguri*

Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ba ƙarya aka miki ba, ruwan wardin nan yana cikin abin da ake haɗawa da zamzam a wanke Ka'aba. Furen yana buɗewa ne daga wajen watan Maris zuwa Afrilu, 'yan makonni ne kawai, gonakin kuma suna Hada da Shafa, kan duwatsun da suke kewayen garin. In kin dace da lokacin ki kwana a garin ki fita da sassafe, domin tun kafin rana ta yi zafi ake tsinka, in ta ɗaga ƙamshin ya gudu. Zaki ga ana shigo da furen a kwanduna ana aunawa, a zuba a manyan tukwanen tagulla da ruwa a rufe a hura wuta, tururin ya bi ta bututu ya huce ya ɗiga a cikin wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya, man ya taso sama siriri kamar zare sai a zuƙe shi da sirinji. Ɗakin gaba ɗaya ƙamshi har mayafinki ya kwana biyu yana yi. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a samu tola ɗaya, to ke da kanki kin san duk wanda ya miƙo miki tola a bakin titi da kuɗin cefane ba shi bane. Ki saya a inda ake dafawa, ki ɗiga a bayan hannu ki je ki yi zagaye ki dawo ki sake shinshinawa, na gauraye kafin nan ya koma warin mai. Ruwan ma hawa-hawa ne, mafi ƙarfi shi suke kira arus wato amarya. Kuma ki tuna ruwa ne, a babbar jaka zaki saka ki naɗe da zani, in kin riƙo manyan kwalabe a hannu a filin jirgi za'a karɓe.

Tunda kin hau Shafa ki ƙarasa, kilomita 25 ne ko makamancin haka daga gari kuma ta fi Ɗa'ifar tudu, akwai zuma da rumman da inabi da ɓaure gwargwadon lokacinsu, rumman da inabi sai zafi ya tsaya zuwa ƙarshensa, ba lokaci ɗaya suke da wardi ba.

Anti mu 6 ne da yara 3 da kakarsu, hutun Disamba zamu je. Akwai abin da yara zasu so? Kuma naga hoton wani ƙaton rami wai Wahba, yana kusa?
*Baban yara daga Kumasi*

Alhaji ramin Wahba ka cire shi a lissafi, kusan kilomita 250 ne daga Ɗa'ifa cikin sahara, faɗinsa wajen kilomita 2 da farin gishiri a ƙasa, kyau kam akwai amma ba tafiyar tsohuwa da yara bace. Ku kai su telefirik na Hada, ɗan akwatin nan mai tafiya a jikin igiya, yana sauka daga kan dutse zuwa ƙauyen Kar ya dawo, in Hajiya kaka tana tsoro ta zauna sama ta sha shayi. Da yamma sai lambun Rudaf su yi guje-guje. In manyan suna karatun Larabci, filin kasuwar Ukaz yana wajen gari kamar kilomita 40, can ne mawaƙan jahiliyya suke baje kolinsu a gaban babban mawaƙi Nabiga yana musu alƙalanci, sai dai in ba lokacin biki bane fili ne shiru, kai zaka basu labarin. Akwai kuma dam ɗin Saisad da aka gina wa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan hijira, rubutun yana nan a jikin dutse har yau.

Disamba akwai sanyi na gaske, kar zafin Makka ya ruɗe ku, kowa da rigar sanyinsa da safa, kaka a ƙara mata bargo. Hazo yakan rufe hanyar Hada har a tsaida motoci, in haka ta faru ta Sail zaku bi, ta fi tsawo amma shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ku yi ƙoƙari ku sauko kafin magariba.