Ga ɗan'uwan da aka rufe wa tambayarsa ta yaren kwamfuta na Python

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tura tambaya a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod, an rufe ta nan take, ka kai ta wani zauren Telegram aka ce maka ka je ka yi bincike, shi ne kake tambaya ko wulaƙanci ne al'adar masu harkar. Na duba abin da ka tura: hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya, sai jimla ɗaya, "kod ɗina ya ƙi aiki, a taimaka." Akwai masu kaifin harshe a wuraren nan, ban musa ba. Amma tambayar ba ta ba kowa abin kamawa ba, kamar ka je wa makanike ba mota ka ce ta ƙi tashi.

Mai taimakonka yana bukatar ya sa matsalar ta faru a tasa kwamfutar. Daga hoto ba zai iya kwafar komai ba, sai ya zauna ya buga harafi bayan harafi, kuma ba mai yi maka wannan kyauta. Ka kwafo kod ɗin a rubuce, ka sa alamar ``` a samansa da ƙasansa. Telegram, WhatsApp, Discord da GitHub (shafin ajiye kod) duk sun san ta. In ba ka sa ba, manhajar za ta ɗauki alamar tauraro (*) da layin ƙasa (_) a matsayin ado: a GitHub __init__ zai koma init mai kauri, kuma tazarar farkon layi na iya rikicewa. A Python tazarar nan tana cikin ma'anar kod, don haka mai gwadawa zai ci karo da kuskuren tazara, wato IndentationError, da babu shi a wajenka.

Saƙon kuskuren kuma ka turo shi gaba ɗaya. Layin ƙarshe ne ke faɗin sunan kuskuren, na samansa suna nuna fayil da lambar layin da abin ya bi. Ka ƙara da tsarin kwamfutarka, Windows ne ko Ubuntu, da abin da python --version ya nuna.

A hotonka na iya karanto ModuleNotFoundError: No module named 'requests', wato Python bai ga ƙunshin kod mai suna requests ba. In ka riga ka girka shi, kusan kullum dalilin ɗaya ne: Python biyu ne a kwamfutar, pip, mai girka irin wannan ƙunshi, ya zuba requests a ɗaya, manhajar rubuta kod ta VS Code tana gudanar da ɗayan. Sa import sys da print(sys.executable) a saman fayil ɗin, zai nuna maka wanda ke aiki. Sai ka kwafi wannan adireshin zuwa terminal, wato tagar buga umarni, ka bi shi da -m pip install requests. Wannan tambayar an amsa ta tun tuni, shi ya sa aka rufe taka a matsayin maimaici. Tun kafa Stack Overflow a 2008 manufarsa tara amsoshi wuri guda ce, ba hira ba, kuma idan an rufe tambaya a haka ana liƙa mahaɗin tsohuwar amsar a samanta. Duba can. Nan gaba, kafin ka tambayi kowa, ka jefa layin ƙarshen kuskuren a Google bayan ka cire sunan fayil ɗinka.

In binciken bai kai ka ko'ina ba, aikin da ya fi muhimmanci shi ne rage kod. Kwafe shi zuwa sabon fayil, goge rabi, gudanar. Kuskuren na nan? Sake goge rabi. Ya ɓace? Dawo da abin da ka goge ka cire ɗayan rabin. Haka har ya rage layi 10 zuwa 20 da kowa zai iya gudanarwa ba tare da fayilolinka ba. In ana bukatar bayanai, ƙirƙiri layi uku ko huɗu na bogi. Sau da yawa kafin ka gama ragewa ka ga inda matsalar take. Sannan ka rubuta abin da kake son ya fito, abin da ya fito, da abin da ka gwada. Ka faɗi ainihin burinka ma, domin wani yakan tambayi yadda zai yanko haruffa ukun ƙarshe na sunan fayil alhali nau'in fayil ɗin yake nema, ga shi .html haruffa huɗu ne, kuma os.path.splitext ta riga ta yi aikin.

Sauran na zaman tare ne. Sallama da tambaya su zo a saƙo ɗaya, kada ka tsaya a "akwai wanda ya iya Python?" kana jira. Kada ka bi mutum akwatinsa na sirri sai ya gayyace ka, kuma kalmar "gaggawa" ba ta sa kowa sauri. In aikin makaranta ne, faɗi, ka nuna inda ka tsaya. Sashen Issues na GitHub galibi na rahoton lahani a manhajar ne, karanta fayil ɗin ƙa'idojinsu, CONTRIBUTING.md, kafin ka buɗe sabon rahoto.

Ka kuma duba kod ɗin kafin turawa, kada kalmar sirri ko makullin API (lambar sirrin da kod ɗinka ke shiga wata manhaja da ita) su bi shi. In sun riga sun fita, goge saƙo bai isa ba, soke makullin ka ciro sabo. In gyaran requests ɗin ya yi, dawo ka faɗa a ƙarƙashin tambayarka. In bai yi ba, turo abin da sys.executable ya nuna tare da sakamakon pip --version.