Kafin ka sayar da gida ka koma zama cikin mota

Malam, ka ce kana Ingila, za ka ajiye aiki ka koma zama cikin motar da aka yi wa ɗaki da kicin, kana tambayar kayan da za ka riƙe. Nauyi ne zai yanke maka hukunci.

Idan daga 1 ga Janairun 1997 ka ci jarrabawar tuƙi, lasisinka na B, na ƙananan motoci, kilo 3,500 ne iyakarsa, wato mota da kaya da mutane gaba ɗaya. Fiye da haka sai lasisin C1, mai kaiwa kilo 7,500. Tankin ruwa mai lita 100 kaɗai kilo 100 ne, ga tukunyar gas, ga batura.

Ka cika tankuna, ka loda kaya, ka hau sikelin auna motoci, a auna gaba daban, baya daban. Baya ce ke fara wuce ƙa'ida, domin can ake jibga kaya, sai taya ta ɗau zafi ta fashe.

Kafin ka sayi motar, duba lambobi huɗu a gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Danna bango ta gefen taga kuma, in ya lotsa ruwa ya shiga, kada ka saya.

Adireshi fa? DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, da kamfanin inshora duk za su nema, ka shirya da wani ɗan'uwa tun yanzu.