Amsa: Shin ana ba ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo lambar yabo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lambobin yabo na wasan dandamali na manyan gidaje ne kawai. A'a, ƙanana ma suna da nasu.

Duba Amurka. Lambar Tony ta Broadway ce, wato unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, kuma sai gidan wasa mai kujeru 500 zuwa sama ke shiga. Shi ya sa jaridar Village Voice ta birnin New York ta ƙirƙiro lambar Obie a 1955, domin wasannin da ake yi a ƙananan ɗakuna, wasu ma ba su kai kujeru 100 ba. Abin da ke burge ni da Obie shi ne alƙalanta ba su ɗaure kansu da rukuni tsayayye ba. In mai kula da fitila ne ya yi fice a bana, shi za a karrama, ba sai jarumi ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake haska dandamali da fitila biyu da aron wayar wuta zai gane darajar wannan.

A Edinburgh ta Scotland kuwa, bikin Fringe ya samo asali ne a 1947, lokacin da ƙungiyoyin wasa takwas suka zo babban bikin fasaha na birnin ba tare da gayyata ba, suka yi nasu wasannin a gefe. Tun 1973 jaridar The Scotsman ke ba da lambar Fringe First ga sababbin wasannin da ake nunawa a bikin.

In kuna shirin kafa irin wannan a garinku, ku sa alƙalai su je su zauna cikin 'yan kallo da kansu. Bidiyon waya ba ya ɗaukar shirun da ɗaki ke yi.