Me ya sa ruwan Wikki ba ya sanyi?

Malam, ka tambayi dalilin da ruwan Wikki na gandun dajin Yankari a jihar Bauchi ke da ɗumi ko da hunturu, da ko za ka iya kai yara.

Ruwan daga can ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa ta gindin dutse, zafin cikin ƙasa ne ke ɗumama shi. Shi ya sa yake tsayawa wajen digiri 31, rani da damina. Garau yake, har yashin ƙasa kana gani, kuma wannan ne ke ruɗin mutane, don kusa da dutsen akwai zurfi sosai. Ka tsayar da yara inda bai wuce ƙugunsu ba, idonka a kansu.

Kada ka bar abinci a fili, gwaggon biri zai wawushe. Shiga daji kuwa, sai da jami'in gandun.