Wane fim ne ya yi kama da Sekiro da Dark Souls?

Ɗan'uwa, ka ce Sekiro ya gagare ka bayan ka gama Dark Souls, kana kuma neman finafinan da suka yi daidai da su. Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi waɗannan wasannin bidiyo duka biyun, amma wahalarsu ba iri ɗaya ba ce.

Dark Souls na 2011 yana bukatar haƙuri: ka mutu, ka koma wurin wuta inda wasan yake sake tayar da kai, ka sake bin hanyar da ka fara haddacewa. Shi ya sa nake haɗa shi da Edge of Tomorrow na 2014, inda Tom Cruise yake mutuwa ya farka a rana ɗaya har ya laƙanci motsin abokan gaba.

Sekiro na 2019 kuwa ba ya son ja da baya. Dole ka tsaya ka riƙa kare sara a daidai lokacin da takobi ya iso, har tsayuwar abokin karawarka ta karye. Kuskuren da na fi gani a shagunan gem na Kawo shi ne a shigo masa da ɗabi'ar kauce-kauce ta Dark Souls, ni ma na sha kashi a kan haka. A ganina, 13 Assassins na 2010 ne ya fi kusa da shi, musamman dogon gumurzun ƙarshe.

Idan wuyan hannunka ya soma ciwo ko yatsunka suna sagewa, ka ajiye wasan ka ga likita.